Sunan Babana a Jakar Kwasi

A tashar motar garin Bobo, can ƙasar waje, aka fara koya mini cewa zuciyata ba ta iya shaida ba. Kwana uku ke nan da barina garinmu Madarumfa, ina zaune kan buhun kayan aikina, dagi da igiya da guntuwar shebur, don ni mahaƙin rijiya ne, sai wani mutum mai fara'a ya tsaya kaina ya yi mini sallama da Hausa irin tamu. Ya ce shi ɗan Tibiri ne. Ya san tabkinmu, ya san ranar kasuwarmu, har ya tambaye ni ko ruwa ya ja baya bana. Wallahi na ji ƙirjina ya yi ɗumi, na ji kamar ɗan'uwana ne Allah Ya aiko mini. Ya ce akwai aiki na jiran irina a Abijan, sai dai a buga wa takarduna hatimi tukun. Na kwance guzurina da kartidante, wato katin shaidata, na miƙa masa, ya zagaya bayan wata rumfa. Har yau yana can yana neman hatimin.

Kartin dai ya bar mini shi wajen mai burodi, wannan kam na gode masa. Sati biyu na yi ina dako a tashar, wata tsohuwa mai sayar da kunu tana zuba mini ludayi biyu kowace safiya, ba ta jin harshena ba na jin nata. Daga nan na tsallaka zuwa Buwake, inda na yi wata huɗu ina haƙa ramin masai, aikin da ko a waya ban faɗa wa mutanen gida ba. Na ce musu rijiya ce.

A Daluwa na sami wurin zama. Akwai wani ɗan Safo, can wajenmu, Ilu mai tsire, wanda ya yi shekaru a garin, shi ya ba ni gefen ɗakinsa, shi kuma ya kai ni wajen wani Babaule, ɗan ƙabilar ƙasar, mai suna Kwasi, mai zuba zobban siminti, wanda ke karɓar kwangilar rijiyoyi a ƙauyukan masu koko. Kwasi dattijo ne gajere, mai sanyin magana, mai kallon mutum cikin ido in yana sauraro. Ya duba tafin hannuna, ya ce in zo gobe.

Tun satin farko na fara zarginsa, kuma ba don ya cuce ni ba, sai don ya ƙi cutata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ranar da ya ce zai sallame ni, ranar yake sallamata. In azahar ta yi shi ke leƙowa bakin rami ya ce lokacin sallata ya yi. Matarsa Akisi ta ware mini tukunya tawa ni kaɗai saboda naman da ba ma ci. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, duk wannan na gane. Amma ran da na dafa shayi, na kumfa shi yadda ya kamata, na miƙa masa kofin farko don girmamawa, sai ya ce ya gode, addininsa ya hana. Mutumin da ba ya shan shayi kuwa ai sai a sa masa ido.

Na kai wa Ilu labari. Ya ce ai Kwasi ɗan Mormon ne, irin Kiristocin nan da samarinsu ke yawo biyu-biyu da fararen riguna, da suna manne a ƙirji. Ya ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi, don haka in ci tuwon Kwasi amma in riƙe kunnena.

Kunnen ban riƙe ba, don ni mutum ne mai son gardama, Babana ma ya sha faɗa mini. Faransancina na lekkwal ne, makarantar boko, aji shida na tsaya, amma ya isa rigima. Da rana in mun zauna ƙarƙashin itacen koko muna cin doya, ni ke tsokanarsa. Ya ba ni labarin littafinsu: wani saurayi a Amerika mala'ika ya nuna wa faranta na zinariya binne a tudu, ya fassara rubutun da ke jiki, labarin mutanen da suka ƙetare teku tun zamanin da, suka gina manyan birane, suka yi yaƙe-yaƙe da takubba, suna da dawaki. Na ce madalla, ina farantan? Ya ce mala'ikan ya karɓe abinsa. Na yi dariya har doya ta sarƙe ni.

Bai ji haushi ba. Ya tuna mini labarin da ni da bakina na ba shi, na kaburburan waliyyai da ke kewaye da tabkinmu, da hasken da ake cewa ana gani a kansu. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin hasken. Na ce ban gani ba, amma Babana ya gani. Ya ce to su ma akwai mutanen da suka ce sun ga farantan da idonsu, suka sa hannu a takarda. Na ce kabari dai yana nan, in ya biya kuɗin mota zan kai shi ya tsaya a kansa, kuma ko an ce hasken ƙarya ne, sallata ba ta ragu ba.

Inda na fi matsa masa shi ne wajen biranen, don nan sana'ata ce. Na ce masa ƙasa ba ta iya riƙe asiri. Na haƙa rijiya a Gabi, a fili fetal inda babu ko bukka, kamu shida sai ga sakaina, ga toka, ga kashin maƙera. Da aka tambayi tsofaffi suka ce kufai ne, gari ne da ya watse tun kakannin kakanni. Ƙauyen da bai kai gida hamsin ba ya bar alama, yaya biranen da suka tara dubban mayaƙa za su tafi ba ko guntun takobi, ba ko haƙorin doki? Ya ce ƙasar tana da faɗi, masu bincike ba su gama ba, wasu ma suna ganin sun sami alamu. Ya ce rashin gani ba rashin abu ba ne. Sai ya juyo ya tambaye ni ko ni na taɓa haƙo Aljanna.

Na ce masa Aljanna ba a ce tana cikin ƙasa ba. Abin da aka ce gaibu ne, ni ba na neman ramin sa. Amma in ka ce an yi gari, an hau doki, an ƙera ƙarfe, to ka shigo gonata, sai a kawo dagi. Ya ce gaskiya ne, amma shi ba a kan dagi ya tsaya ba. Ya karanta littafin, ya roƙi Allah Ya nuna masa, ya ji ɗumi a ƙirjinsa da natsuwar da bai taɓa ji ba, ita ce shaidarsa. Nan na ba shi labarin mutumin Tibiri. Ya yi dariya sosai, ya ce ba ɗumi ɗaya ba ne. Na ce daga ciki ta yaya mutum zai bambance? Muka tashi muka koma rami.

Haka muka yi shekara da 'yan watanni, ba wanda ya kada wani. Ina jiran ranar da zai fito da abin da yake nufi da ni, ranar ta ƙi zuwa.

Ina cikin rijiya kamu goma sha biyu aka kira wayata. Kwasi ya ɗauka, bai gane Hausa ba, amma ya gane kuka. Ya sa aka jawo ni sama. Ƙanwata ce, ta ce Baba ya rasu bayan asuba, har an kai shi. Shekara talatin yana kiran salla a masallacin unguwarmu, duk gari Ladan ake ce masa, kuma ni ɗansa na fari, mai haƙa wa duniya rami, ban sa hannu a nasa ba. Wannan ya ci ni, har yanzu yana cina.

Mun yi zaman makoki a ƙofar ɗakin Ilu. Kwana ukun nan Kwasi yana zuwa da safe ya zauna gefen tabarma, ya cire takalmi, in an shafa fatiha ya sunkuyar da kai. Akisi ta aiko da shinkafa a tukunyata. Bayan an watse ya zo ya same ni ni kaɗai, ya ce in ba shi labarin mutumin da ya haife ni.

Wanda bai yi zaman baƙunta ba ba zai gane ba. Kusan shekara biyu ba wanda ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Ni ɗan Nijar ne mai rami, shi ke nan. Sai bakina ya ɓalle. Na ba shi labarin muryar Baba, da garkarsa ta bakin tabki, da yadda yake yi mini faɗa. Ya tambayi sunansa. A gidanmu ba a kama sunan nan, mu Baba muke cewa, Inna ta ce Malam, gari ya ce Ladan. Amma na faɗe shi, wanda ke bin nawa a takarduna, Haruna. Ya tambayi na kakana, na faɗa. Na uwar Baba, na faɗa. Na Innata, na ɗan yi jim, na faɗa. Ya fito da wata takarda mai zanen itace da rassa, yana cika gurabe da alƙalamin bik. Na ɗauka irin rubutun ta'aziyya ne na mutanen boko. Da ya tafi na ji sauƙi a raina.

Ilu ne ya tsinke mini sauƙin. Ya ajiye wuƙarsa ya dube ni.

"Kai Rabe, sunan uwarka ka ba shi? Wa ka taɓa ji shina tambayar sunan uwar mutum in ba boka ba? Ni na hwaɗa maka tun hwarko."

Na ce Kwasi ba ya tsafi. Na faɗa da ƙarfi, amma daga ranar duk ciwon kan da na yi sai na tuna takardar. Sau biyu na yi niyyar tambayarsa, kunya ta hana ni, don mutumin da ya zauna makokin ubanka ba ka ce masa ba ni abina.

Wata uku bayan haka, wata Asabar, na je gidansu ɗaukar igiya na tarar Akisi tana guga, fuskarta sai annuri. Ta ce ranar Litinin jama'arsu za su cika kar guda, babbar motar fasinja, zuwa Akra, babban ɗakin ibadarsu. Na yi mata fatan sauka lafiya, na tambayi abin da ake yi a can. Ta ce sunan kakarta za ta kai. Wanda ya mutu bai shiga addininsu ba, wani mai rai yana shiga ruwa a yi masa baftisma a madadinsa, a kira sunan mamacin, shi kuma a can inda yake in ya so ya karɓa, in ya so ya ƙi. Tana maganar tana murna kamar mai shirin biki. A kan tebur ga jakar Kwasi a buɗe, cike da takardu masu zanen itace, ta uku daga sama ga Madarumfa rubuce da babban baƙi.

Ban san yadda na fito gidan ba. Ashe ba tsafi ba ne, abin ya fi tsafi. Ladan, mutumin da ya mutu da kalmar shahada, za a kira sunansa a kan ruwan wani addini, kuma ni na miƙa shi da bakina. Magana zarar bunu ce. Wani sashe na hankalina yana ce mini, kai da ka shekara kana cewa abinsu ba shi da shaida, me ruwan Akra zai yi wa wanda ke kwance a Madarumfa? Na san ba abin da zai yi masa. Duk da haka na nufi wajen Ilu da maganar. Ilu ya ce mu sa a sace jakar, na ce ban zo ƙasar mutane in zama ɓarawo ba. Lahadi suna wurin ibada wuni guda. Na jira Litinin.

Da hantsi na same su bakin kar, sun yi ado, mata suna waƙa, ana ɗora kaya. Da na ja shi gefe da ya fi, amma ban ja ba. Gaban jama'arsa na ce ya ba ni sunan ubana. Na ce ashe abin da yake nema ke nan tun farko, ashe shinkafa da zaman makoki duk tarko ne. Waƙa ta tsaya. Kwasi ya buɗe jaka a hankali, ya zaro takardar ya miƙo mini.

"Taka ce, Rabe. Don kai na rubuta. Ina jira ne mu cika guraben da suka rage. Dokarmu ba ta yarda in kai sunan wanda ba dangina ba sai da izinin nasa."

"Me ya kawo ta cikin kayan tafiya?"

"Nan duk takarduna suke zama. Amma ba zan ɓoye maka ba, na yi fatan wata rana kai da kanka za ka kai ta."

Wannan gaskiyar ta ƙara hura ni. Na ce wa ya sani ko ya ɗauki hotonta. Ya miƙo mini wayarsa. Na tsaya gaban mutane ina tona hotunan dattijo, jikokinsa, zobban siminti, rijiyoyin da muka haƙa, har da ni ina murmushi da laka a fuska. Babu takardar. Na ce to ai suna da inji mai ƙwaƙwalwa a ɗakin ibadarsu, wa ya sani ko ya zuba a can. Na ce ina shaidar cewa bai zuba ba?

"Ba ni da ita," in ji shi. "Kai ka ce in an tona ba a ga kufai ba, ba a yi gari ba. Ka tona, ba ka gani ba. Abin da ya rage maganata ce, ka ɗauka ko ka bari. Abu ɗaya dai ba zan iya maido maka ba. Kowace safiya ina roƙa wa Haruna rahama da sunansa, wannan ya riga ya zauna a bakina."

Direba ya yi oda, suka shiga. Akisi ba ta dube ni ba. Ban koma aikinsa ba, ko igiyata ban je ɗauka ba. Na yi wata biyu ina 'yan buge-buge, sannan na kamo hanyar gida da takardar a aljihun gaba, kuma duk shingen da jandarma suka tsayar da mu, ita nake fara taɓawa kafin kartina.

Na iso Madarumfa ana girbin gero. Na je kabari, na yi abin da ya sawwaƙa. Kwana biyu ina kewaye-kewaye kafin in iya zama gaban Inna, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, in faɗa mata abin da na yi da sunan mijinta da nata. Na zata za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Sai ta ce in karanta mata abin da aka rubuta. Na karanta. Ta tsayar da hannunta cikin ƙwarya.

"Wane ne wannan?"

Na ce Baba mana.

"Wanga ba sunan Malam ba ne. Sunan wanshi ne, wanda ƙyanda ta kashe tun suna ƙanana. Da za a yi ma Malam karti, takardar wan ce anka samu cikin adaka, da ita anka yi. Shi kau bai damu ba, ya ce takarda ta gwamnati ce, suna na Allah ne."

Shekara arba'in ina yawo da sunan nan a bayan nawa, da hatimi, da sa hannun hukuma. Ni mai neman shaida, ga shaidata. Na ce ta faɗa mini na gaskiyar. Ta ce ita ba ta kama shi yana raye ba, ba za ta fara yanzu ba, kuma 'yan'uwansa duk sun riga shi tafiya. Na roƙe ta, na ce ni ɗansa ne, ina son in san wanda nake wa addu'a. Sai ta ce, ba ta ɗago daga gyaɗarta ba:

"Annabin da kihi ya haɗiye."

Na maimaita sunan a zuci, ban fito da shi ba. Nan ma ba zan rubuta shi ba.

Sai da na yi sati kafin in kira Daluwa. Kwasi ya ɗauka ya kira sunana kamar jiya muka rabu. Na ba shi haƙuri kan abin da na yi masa gaban mutanensa, ya ce ya wuce, igiyata ma tana nan rataye. Na ba shi labarin kartin. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe duk safiyoyin nan wani yaro yake ta roƙa wa rahama, to shi ma ba a yi asara ba. Sai ya tambaya da muryar nan tasa mai sanyi:

"To mene ne sunan na gaskiya?"

Ban taɓa kama mutumin nan da ƙarya ba, ko sau ɗaya, kuma na ji ƙirjina ya yi ɗumi. Na ce masa ya ci gaba da addu'arsa yadda ya saba, Allah Ya san wanda yake nufi.